Ƙarfin Tsoka, Miƙa Jiki da Tsufa: Tambayoyi da Amsoshi Domin Dattawan Sakkwato da 'Ya'yansu

Abin da ya sa na tattara waɗannan tambayoyi ya faru ne a gidanmu da ke Mabera. Mahaifina ya haura shekara 70 yana zuwa masallaci da ƙafarsa sau biyar a yini, sai zazzaɓi ya kwantar da shi kwana 12 a ƙarshen damina. Zazzaɓin ya tafi, amma ranar da ya koma sahu, da liman ya yi kabbarar tashi zuwa raka'a ta biyu, sai da ya dafa ƙasa da hannu biyu, ya yunƙura har sau biyu kafin ya miƙe. Da muka dawo gida ya ce mini: "Ɗana, wagga ƙahwa ta bar ɗaukata." Tun daga ranar na shiga bin diddigin abin da masana kimiyyar motsa jiki suka gano game da tsoka da shekaru. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda dattawa, da 'ya'yansu, da matasan da ke atisaye a filin wasa na Giginya suka fi maimaita mini.

Shin raunin tsufa ba ƙaddara ba ce wadda babu yadda ɗan Adam zai yi da ita?

Rauni bayan ƙarfi tabbas ne, kuma aya ta 54 ta Suratur Rum ta ambaci rauni, sannan ƙarfi, sannan rauni da furfura. Babu masanin da ya gano hanyar tsayar da wannan. Abin da bincike ya nuna shi ne, saurin gangarowar ba ɗaya ba ne ga kowa, kuma kaso mai yawa na abin da muke ɗora wa shekaru, asalinsa zaman da tsoka ta yi ne ba tare da aiki ba. Sa'annin juna biyu, ɗaya yana noman rani a fadamar Kwalkwalawa, ɗaya kuma yana zaune a shago daga hantsi zuwa magariba, da wuya su isa shekara 70 da ƙafa iri ɗaya. A 1989 wani likita a Amurka mai suna Irwin Rosenberg ya laƙaba wa wannan zaizayewar tsoka suna sakofeniya, daga kalmomin Girkanci biyu masu nufin talaucin nama, domin likitoci su ɗauke ta matsala mai suna wadda ake aunawa kuma ake nema mata mafita.

Mene ne yake faruwa a cikin tsoka idan shekaru suka ja?

Daga wajen shekara 30, tsoka tana raguwa da kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin 100 a kowace shekara 10, kuma bayan shekara 60 raguwar tana ƙara sauri. Tsoka zaruruwa ne dubbai a ɗaure wuri ɗaya kamar tufkar igiya, kuma zaruruwan iri biyu ne: akwai masu jimiri, waɗanda suke ɗaukar mutum a doguwar tafiya, akwai kuma masu fizga, waɗanda ake buƙata wajen tsalle, ko tashi da sauri, ko tare jiki idan an yi tuntuɓe. Binciken Jan Lexell na ƙasar Suwidin a 1988, wanda ya duba tsokar cinya a mutane masu shekaru daban-daban, ya nuna cewa adadin zaruruwan yana raguwa, kuma masu fizgar su ne suka fi ƙanƙancewa. Haka nan wasu daga cikin jijiyoyin da ke kawo umarni daga laka suna mutuwa, kitse kuma yana kutsawa tsakanin zaruruwan.

Saboda haka ƙarfi yana zubewa fiye da yadda ido yake ganin raguwar nama. Wannan ne ya sa za ka ga dattijo yana iya takawa daga Kanwuri har Tsohuwar Kasuwa ba tare da ya huta ba, amma idan bakin dakali ya harɗe shi, ƙafar ba ta fitowa da saurin da za ta tare shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa faɗuwa tana kashe mutum kusan 684,000 a shekara, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a cikinsu.

Hausawa sun ce ice tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya kai shekara 70 ko 80 zai iya ƙara ƙarfi kuwa?

Zai iya, kuma a nan ne karin maganar bai dace da tsoka ba, domin tsoka ba ta bushewa irin bushewar ice muddin mutum yana raye. Binciken da ya fi girgiza ni shi ne wanda Maria Fiatarone da abokan aikinta suka wallafa a 1990. Sun ɗauki tsofaffi 10 a wani gidan kula da gajiyayyu a birnin Boston na Amurka, masu shekara 86 zuwa 96, mafi yawansu da cututtuka a jiki, suka sa su ɗaga nauyi da ƙafa sau uku a mako har tsawon mako 8. Ba nauyin wasa aka ba su ba. Kimanin kashi 80 cikin 100 ne na iyakar abin da kowannensu zai iya ɗagawa sau ɗaya, kuma ana ƙarawa yayin da ƙarfinsu yake ƙaruwa. Mutum 9 da suka kammala, ƙarfin ƙafarsu ya ƙaru da kashi 174 cikin 100 a matsakaici, wato ya kusa ninkawa uku, kaurin tsokar cinya kuma ya ƙaru da kashi 9. Biyu daga cikinsu sun ajiye sandar dogarawa.

A lura da tazarar da ke tsakanin 174 da 9. Naman bai ƙaru sosai ba, amma ƙarfin ya yi tashin gwauron zabi, domin a makonnin farko ƙwaƙwalwa da jijiyoyi ne suke sake koyon yadda za su tattaro zaruruwan da suka daɗe suna barci. Wannan albishir ne ga dattijon da ba ya neman damtse irin na ɗan dambe, yana neman tashi daga tabarma ne kawai ba tare da jika ya kama hannunsa ba. Amma binciken ya zo da gargaɗi: mako 4 bayan an daina atisayen, kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin ya zube. A 1994 suka maimaita gwajin da tsofaffi 100, waɗanda matsakaicin shekarunsu 87 ne, ƙarfin waɗanda suka yi atisaye ya ninka.

Me ya sa jinyar kwanaki kaɗan take karya dattijo haka?

Domin tsokar tsoho tana narkewa da sauri idan aka daina ɗora mata nauyi. A 2007 Patrick Kortebein da abokan aikinsa a Amurka suka kwantar da dattawa masu lafiya, waɗanda matsakaicin shekarunsu 67 ne, kwana 10 a gado. Ba su da wata cuta, kuma ana ba su abinci isasshe, amma a matsakaici sun rasa kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafa, ƙarfin gwiwa kuma ya ragu da kimanin kashi 16 cikin 100. Idan mai lafiya ya yi wannan asara, ina ga wanda zazzaɓi ya hana shi cin abinci?

A nan ina so in yi magana a kan wata ɗabi'a tamu mai kyau wadda a wasu lokuta take cutarwa. Mu mutane ne masu girmama iyaye. Da Baba ya yunƙura zai ɗauki buta, sai yaro ya riga shi, da Inna ta miƙe za ta ɗauko tabarma, sai a ce, "Inna, ki zauna a kawo miki." Ni kaina, da na ga halin da mahaifina ya shiga, abin da na fara yi shi ne sayo masa kujerar roba da hana shi duk wani motsi, kuma da zuciya ɗaya na yi. Daga baya na gane cewa ina cire masa sauran aikin da ya rage wa ƙafarsa ne. Shari'a ta yi rangwame ga wanda ba zai iya tsayuwa ba ya yi salla a zaune, kamar yadda ya zo a hadisin Imrana ɗan Husaini, kuma babu mai ja da wannan. Abin da nake cewa shi ne, idan likita bai hana motsi ba, a taimaka wa majinyaci ya zauna, ya tsaya, ya taka zuwa ƙofar ɗaki tun yana jinya, a tsaya kusa da shi don kada ya faɗi, maimakon a ɗauke masa komai.

Ta yaya mutum zai auna ƙarfinsa a gida?

Hanya mafi sauƙi ita ce kujera mai ƙwari da aka jingina da bango. A zauna, a rungume hannuwa a ƙirji, a tashi tsaye cak, a koma, har sau biyar a jere da iyakar sauri. Ƙwararrun Turai da suka sabunta ma'aunin sakofeniya a 2019 sun ce wanda ya ɗauki fiye da daƙiƙa 15 yana da alamar raunin tsoka. A asibiti kuma ana auna ƙarfin damƙar hannu da wata 'yar na'ura, inda ƙasa da kilo 27 ga namiji da ƙasa da kilo 16 ga mace yake nuna rauni.

Damƙar hannu ba ƙaramin madubi ba ce. Binciken da Darryl Leong na Jami'ar McMaster a Kanada ya jagoranta, wanda aka wallafa a 2015, ya bi mutum kusan 140,000 a ƙasashe 17, ya gano cewa duk raguwar kilo 5 a ƙarfin damƙa tana tafiya da ƙarin kashi 16 cikin 100 na haɗarin mutuwa a tsawon lokacin binciken. Kada a fahimci cewa matsa ƙwallon roba zai tsawaita kwana. Hannun yana ba da labarin halin da jiki duka yake ciki ne.

Akwai kuma gwajin da likita Claudio Gil Araújo na Birazil ya ƙirƙiro, wanda kamar don mu masu zaman tabarma aka yi shi. Mutum ya zauna a ƙasa ya kuma tashi, yana da maki 10, ana cire maki ɗaya duk sa'ad da ya dafa hannu ko gwiwa. A cikin mutum 2,002 masu shekara 51 zuwa 80 da aka bi kimanin shekara 6, waɗanda suka samu maki 3 zuwa ƙasa sun fi masu maki 8 zuwa sama haɗarin mutuwa da ninki biyar ko fiye. Mai ciwon gwiwa mai tsanani ko mai jiri kada ya gwada wannan shi kaɗai.

Mene ne amfanin miƙa jiki, kuma tsawon wane lokaci ake riƙe ta?

Miƙa tana faɗaɗa iyakar inda gaɓa take kaiwa, kuma wannan ba abin rainawa ba ne ga wanda yake so ya wanke ƙafarsa a alwala, ko ya sa riga ba tare da kafaɗa ta ƙage ba, ko ya waiwaya yana tuƙin babur. Peter Magnusson na Danmak ya nuna tun 1996 cewa a makonnin farko ba tsokar ce take ƙara tsawo sosai ba, jijiyoyin ji ne suke sabawa da jan, sai su ƙyale gaɓar ta ƙara gaba. Ga matashi riƙon daƙiƙa 10 zuwa 30 ya isa, amma ga dattijo an fi so a kai daƙiƙa 30 zuwa 60. Wani gwaji na 2001 a kan waɗanda suka haura shekara 65 ya nuna cewa riƙon daƙiƙa 60 ya fi na 15 da na 30 sakin tsokar bayan cinya. A yi ta aƙalla kwana biyu ko uku a mako, bayan jiki ya yi ɗumi, musamman a hunturu lokacin da gaɓoɓi suke wayewar gari a sanƙare. A ja har a ji ja, ban da zafi, kuma ban da fizga.

Da gaske ne miƙa kafin wasa tana rage ƙarfi?

Tana ragewa idan ta yi tsawo, amma an kambama maganar fiye da girmanta. David Behm na Jami'ar Memorial da ke Kanada yana cikin waɗanda suka fi daɗewa suna bincike a kan wannan. A wani nazari da shi da abokan aikinsa uku suka fitar a 2016, sun gano cewa riƙe tsoka ɗaya a miƙe na daƙiƙa 60 ko fiye yana rage ƙwazonta nan take da kimanin kashi 4.6 cikin 100, abin da bai kai daƙiƙa 60 ba kuma kimanin kashi 1 ne kawai. Miƙa mai motsi, irin lilo da ƙafa da ɗaga gwiwa ana tafiya, tana ɗan ƙara ƙwazon ne ma. Ga ɗan kokawa ko ɗan ƙwallon da zai shiga fili yanzu, tsarin da ya dace shi ne sassarfa ta 'yan mintuna, gajeriyar miƙa, sannan motsi irin na wasan da za a yi. Ga Hajiya da ke miƙe ƙafa a tsakar gida bayan sallar Asuba, wannan ragin ba shi da wani tasiri.

Shin miƙa tana hana jin rauni da tsamin jiki?

Ba kamar yadda aka koya mana a makaranta ba. A Ostireliya an gwada kuratan soja 1,538 a tsawon horon mako 12, rabi suna miƙe tsokokin ƙafa kafin atisaye, rabi ba sa yi, kuma sakamakon da aka wallafa a 2000 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani ba. A 2014 Jeppe Lauersen na Danmak ya haɗa gwaje-gwaje 25 da suka ƙunshi mutum fiye da 26,000, ya ga miƙa ba ta rage raunin wasanni ba, alhali atisayen ƙarfi ya mayar da shi ƙasa da kashi ɗaya cikin uku. Tsamin jiki kuwa, wanda yake tsananta kwana ɗaya zuwa uku bayan aikin da ba a saba ba, miƙa ba ta hana shi. Yana wucewa da kansa, kuma yana raguwa idan jiki ya saba.

To miƙa kaɗai za ta iya maye gurbin ɗaga nauyi?

A'a, sai dai idan mutum zai ba ta lokacin da ba kowa ke da shi ba. Konstantin Warneke a Jamus ya sa mutane sun ɗaure ƙafa ɗaya a wata na'ura mai miƙe sha-raɓa awa ɗaya kullum har mako 6, kuma tsokar ta ƙara kauri da ƙarfi. Gwajin ya nuna cewa ja mai tsawo ma yana gina tsoka, amma awa ɗaya kullum saboda tsoka guda ciniki ne marar riba, tunda ɗaga dunduniya na 'yan mintuna zai yi wannan aiki. Abin da ya fi amfani shi ne akasin haka: nazarce-nazarce sun nuna cewa atisayen ƙarfi da ake kai gaɓa ƙarshen iyakarta, kamar tsugunno mai zurfi, yana sakin jiki kusan daidai da miƙa. Wanda lokacinsa ya yi kaɗan, a ganina, ya fara da ƙarfi.

Ni ina tafiya kasuwa da ƙafa, ina salla, ina ɗan taɓa noma. Wannan bai isa ba?

Duk wannan jari ne, kuma kada a bar shi. Wanda yake salloli biyar a tsaye yana tashi daga ƙasa sau 17 a yini a farilla kaɗai, kuma na yi imani wannan da zaman tabarma suna cikin abin da yake riƙe gwiwoyin dattawanmu, ko da yake salla ibada ce, ba don motsa jiki ake yin ta ba. Matsalar ita ce tsoka ba ta ƙaruwa sai an ba ta abin da ya ɗan fi wanda ta saba. Wannan ƙa'ida ta ƙarin nauyi a hankali, likitan sojan Amurka Thomas DeLorme ne ya tsara ta a 1945 wajen farfaɗo da sojojin da suka ji rauni a Yaƙin Duniya na Biyu. Tafiya tana gyara zuciya da numfashi, amma ba ta taɓa zaruruwa masu fizga sosai. Noma kuma yana da lokaci. Bayan kaka manomi da yawa suna shafe watanni a gindin bishiya. Shi ya sa ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2020 ta raba abin gida uku: motsi matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako, atisayen ƙarfi aƙalla kwana biyu, sannan ga wanda ya kai shekara 65 a haɗa da atisayen daidaita tsayuwa aƙalla kwana uku.

Ba ni da ƙarfen ɗagawa kuma ba zan je gidan motsa jiki ba. Da me zan fara?

Da kujera, da bango, da jarka. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka duk gidan da ke da gora da jarka yana da ma'aunin nauyi daidai. Tushen komai shi ne tashi daga kujera ba tare da dafawa ba, sau 8 zuwa 12, a huta minti ɗaya ko biyu, a maimaita sau biyu ko uku. Wanda ba zai iya ba ya ɗora matashi a kujerar don ta ƙara tudu. Wanda abin ya yi masa sauƙi ya rungume gorar lita 5, ko ya koma kujera 'yar tsugunno. Komawa zaune a yi ta a hankali, kada a faɗa, domin a saukowar ma tsoka tana aiki. Bayan wannan sai ɗaga dunduniya ana dafe da bango, da tura bango da hannu biyu, da hawa matakala ɗaya ana sauka, da jan robar tif ɗin babur da aka ɗaura a tirke mai ƙwari, da ɗaukar jarka mai rabin ruwa daga rijiya ko famfo zuwa madafa, a sauya hannu a dawowa.

Ma'aunin nauyin da ya dace shi ne ɗagawa biyu na ƙarshe su yi wuya amma su yiwu ba tare da jiki ya karkace ba. Idan 12 sun zama wasa, a ƙara nauyi kaɗan. A bar kwana ɗaya tsakani. Don daidaita tsayuwa, a tsaya da ƙafa ɗaya kusa da bango, a kuma yi tafiyar da dunduniya take taɓa yatsun ɗaya ƙafar. Irin wannan haɗi na ƙarfin ƙafa da daidaito a gida shi ne tsarin Otago na ƙasar Niyu Zilan, wanda ya rage faɗuwar tsofaffi da kimanin kashi 35 cikin 100.

Mata fa? Ba za su yi jiki irin na maza ba?

Ba za su yi ba, domin sinadarin da ke gina irin wannan jiki kaɗan ne a jikin mace. Hasali ma mata sun fi buƙatar atisayen, tunda bayan ɗaukewar al'ada ƙashinsu yana saurin zaizayewa. A gwajin da Belinda Beck ta jagoranta a Jami'ar Griffith ta Ostireliya, wanda aka wallafa a 2018, mata 101 masu raunin ƙashi aka raba gida biyu, kuma waɗanda suka ɗaga nauyi mai yawa a ƙarƙashin kulawar ƙwararru, minti 30 sau biyu a mako har wata 8, ƙwarin ƙashin bayansu ya ƙaru da kusan kashi 3 cikin 100, na sauran kuma ya ragu. Kakanninmu mata suna daka a turmi, suna niƙa, suna jan guga. Injin niƙa da famfo sun sauƙaƙa rayuwa, kuma babu mai son komawa baya, amma aikin da suka ɗauke wa damtse da ƙugu sai an biya shi ta wata hanya, kuma tsakar gida ta isa filin yin hakan.

Wane abinci ne yake taimakawa?

Tsokar tsoho ba ta amsa abinci da sauƙi kamar ta yaro, don haka tana buƙatar ƙarin furotin, wato sinadarin abinci mai gina jiki. Ma'aunin manya shi ne giram 0.8 ga kowane kilo na nauyin jiki a yini, amma wani kwamitin ƙwararru ya ba da shawara a 2013 cewa wanda ya haura shekara 65 ya kai giram 1 zuwa 1.2. Dattijo mai kilo 60 ke nan yana buƙatar giram 60 zuwa 72. Ƙwai ɗaya yana da kimanin giram 6, giram 100 na busasshen wake kuma yana da fiye da 20. Abin da na lura a gidajenmu shi ne, da haƙora sun zube sai abincin tsoho ya koma kunu da koko da fura mai ruwa. A ƙara nono a furar, a kawo ƙosai ko alale ko awara da safe, a daka ƙuli-ƙuli a kwaɗon zogale, a dafa kifi da wake su yi laushi, kuma a rarraba a kowane ci maimakon a tara da dare. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da izinin likitansa.

Mai ciwon gwiwa, ko hawan jini, ko ciwon suga zai iya yi?

A mafi yawan lokuta waɗannan dalilai ne na yi, ba na bari ba. Cinya mai ƙarfi tana rage wa gwiwa mai amosani wahala, kuma tsoka ita ce babbar ma'ajiyar da suga yake shiga bayan an ci abinci. Mai hawan jini ya kiyaye abu ɗaya: kada ya riƙe numfashi yana yunƙuri, ya fitar da iska lokacin ɗagawa, kuma idan jinin bai daidaita ba ya fara ganin likita. Haka ma mai ciwon zuciya, da mai ƙaba, da wanda aka yi wa tiyata kwanan nan, da wanda ya taɓa samun shanyewar ɓarin jiki. Sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙashi na Wamakko wurare ne da za a nemi tsari da ya dace da mutum. Ciwon ƙirji, ko jiri, ko sarƙewar numfashi, ko gaɓa da ta kumbura ta yi zafi, alamu ne na a tsaya nan take.

Yaya za a yi da zafin Sakkwato da kuma azumi?

Daga Maris zuwa Mayu zafi yakan haura digiri 40, kuma tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, don haka a yi atisaye bayan Asuba ko bayan Isha'i, a sha ruwa ko ba a ji ƙishi ba. A Ramadan a jinkirta shi zuwa awa ɗaya ko biyu bayan buɗa-baki, a rage yawansa amma kada a bar shi wata guda cur. Mai shan maganin suga ko mai allurar insulin ya tuntuɓi likita tukuna, saboda sugansa zai iya faɗuwa.

Magungunan ƙara ƙiba da na ƙarfi da ake sayarwa a kemis fa?

Abin da ake kira sha-ka-fashe sau da yawa yana ɗauke da dexamethasone ko danginsa, kuma wannan magani idan aka daɗe ana sha yana kumbura fuska da ciki ne alhali yana cinye tsokar cinya da ƙugu, yana raunana ƙashi, yana kuma tayar da suga da hawan jini. Wanda ya daɗe a kansa kada ya yanke shi dare ɗaya, ya je likita ya janye masa a hankali. Tramadol ba ya ƙara ƙarfi, yana rufe jin gajiya ne, ga kuma jaraba. Magungunan ciwon jiki irin diclofenac, idan tsoho ya mayar da su abin sha kullum, suna iya jawo gyambon ciki da lalata ƙoda.

Bayan wane lokaci za a fara ganin canji?

Yawanci a mako na uku zuwa na huɗu mutum yakan ji tashi ya fara sauƙi, kaurin nama kuwa sai an yi wata biyu ko uku. Mahaifina ya fara da tashi biyar daga kujerar robar nan da na sayo, da matashi biyu a kanta, ni kuma ina tsaye a gabansa yana riƙe da yatsuna. A makon farko ya yi ƙorafin tsamin cinya har ya ce in ƙyale shi, sai muka huta kwana biyu muka koma. Mun cire matashi ɗaya a mako na uku, na biyun a mako na biyar, daga nan ya fara rungumar gorar ruwa. Muna yi Litinin da Laraba da Asabar bayan ya gama lazimin safe, Inna kuma tana ajiye masa ƙosai da nono. Yanzu idan liman ya yi kabbarar tashi yana dafa ƙasa da hannu ɗaya, ya miƙe a yunƙuri guda tare da sahu, kuma butarsa shi yake ɗauka da kansa.